Babur mai karbirato ko mai anjeksiyon: wanne ya dace da mai saye a Tawa?

Mafi yawan baburan da ke yawo a titunan Tawa, irin su Boxer da TVS da Haojue da Kasea waɗanda 'yan kabu-kabu suka riƙe, masu karbirato ne, kuma babu makaniken da bai san cikinsu ba. Amma masu anjeksiyon sun fara bayyana a shaguna da hannun dillalai, kuma yawansu ƙaruwa zai yi, domin ƙasashen da ke ƙera babura sun tsaurara dokokin hayaƙi. Indiya, inda Bajaj da TVS suke, ta fara aiki da ƙa'idar BS6 ranar 1 ga Afrilun 2020, abin da ya tilasta wa kamfanoninta barin tsohon karbirato a baburan da suke sayarwa a cikin gida, Turai kuwa ta bi ta Euro 4 a 2016 ta shiga Euro 5 a 2020. Har yanzu ana ƙera masu karbirato domin kasuwannin Afirka, sai dai wanda zai sayi babur yau ya kamata ya san abin da ke cikin kowanne kafin ya ƙirga kuɗinsa.

Aikin da tsarin biyu suke yi iri ɗaya ne, wato haɗa mai da iska gwargwadon buƙatar inji kafin buji ya ba su wuta. Idan ana so fetur ya ƙone sarai, kowane kilo guda nasa yana buƙatar kilo 14.7 na iska. In mai ya yi yawa, buji ya yi baƙi, hayaƙi ya yi wari, aljihu ya ji jiki. In kuwa ya yi kaɗan, inji ya ɗauki zafi fiye da kima, ƙarfi ya ragu, a ƙarshe bawul ya ƙone. Karbirato yana wannan haɗi ba tare da lantarki ba. Iskar da fistan yake zuƙowa tana ratsa wani ƙuntataccen maƙogwaro, saurinta ya ƙaru, matsinta ya ragu, sai ta tsotso mai daga ɗan kofin da ke ƙasa ta cikin ramin jiklar, wato ɗan ƙarfen da ke ƙayyade yawan man da zai wuce. Girman ramin nan tun daga masana'anta aka yanke shi, saboda haka abin da yake bayarwa da asubahin Janairu shi yake bayarwa da azahar ɗin Afrilu, in ban da ɗan abin da makanike zai iya daidaitawa da sukudireba.

Mai anjeksiyon kuwa famfon lantarki ne da shi, wanda a yawancin babura yake cikin tanki, yana tura mai da matsin da ya kai kimanin bar 3, wato kusan ninki uku na matsin iskar da ke kewaye da mu, zuwa wani ɗan bututun fesawa. Ƙaramar kwamfuta ce take buɗe bututun ta rufe shi, kuma tsawon lokacin da ya yi a buɗe, wanda ake aunawa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, shi ne yawan man da ya shiga. Inji mai bugu huɗu da ke juyi 6,000 a minti yana karɓar feshi 50 a kowace daƙiƙa, kuma kafin kowane feshi sai kwamfutar ta yi lissafi. Dabarar ba sabuwa ba ce: Kawasaki ya fitar da Z1000 mai anjeksiyon a 1980, Honda ya biyo da CX500 Turbo a 1982. Abin da yake sabo shi ne saukowarta kan ƙananan babura na talaka masu girman inji cc 110 da 125 da 150.

Kwamfutar ba ta ganin komai da kanta, dukkan saninta daga ma'aunai yake zuwa, waɗanda makanikai ke kira kaptar. Mafi muhimmanci a cikinsu shi ne ma'aunin juyin inji, wani ɗan naɗin waya ne a kan maganaɗisu, an kafe shi daf da maganeto. Duk lokacin da haƙorin ƙarfen da ke jikin maganeto ya gifta ta gabansa, sai ya haifar da ɗan bugun lantarki, kuma daga tazarar bugun nan kwamfuta take sanin saurin inji da inda fistan yake. Yana da kyau mai saye ya san cewa wannan ma'auni yana jikin babur mai karbirato ma, shi ne yake gaya wa akwatin wutar buji, wanda ake kira CDI, lokacin ba buji wuta. Ashe ke nan duk ɗan kabu-kabun da ya ce ba ya son babur mai na'ura, shekara da shekaru yana hawan mai na'ura guda ɗaya, kuma da wuya ya tuna ranar da ta ba shi matsala.

Na biyu shi ne ma'aunin buɗewar maƙogwaro, wanda ke gaya wa kwamfuta yadda mahayi ya murɗa hannun ba da wuta. Kwamfuta tana aika masa volt 5, shi kuma ya mayar mata da kimanin rabin volt idan maƙogwaro a rufe yake, ya hau zuwa wajen volt 4 da rabi idan an buɗe shi duka. A cikinsa akwai ɗan harshe da ke gogar wata siririyar hanya, don haka shi ne wanda tsufa ke ci, kuma alamar cinyewarsa ita ce babur ya riƙa shaƙewa a daidai wurin da aka fi riƙe wuta. Kusa da shi akwai ma'aunin matsin iska a bututun shiga, wanda ke nuna nauyin da inji yake ja, da ma'aunin zafin iskar da ke shigowa. A ƙananan babura da yawa an haɗe ukun nan a cikin ɗan akwati guda. Sai ma'aunin zafin inji, wanda a baburan da iska ke sanyaya su yake auna zafin man inji ko na kan silinda. Shi ne ya maye gurbin cok, abin da ake ja a babur mai karbirato don ya tashi cikin sanyi: da ya nuna inji a sanyaye yake, kwamfuta ta ƙara mai da kanta, da ya ɗumama ta rage.

Wanda ya fi bambanta tsarin biyu shi ne ma'aunin iskar oksijin da ke ɗaure a bututun hayaƙi, wanda kamfanin Bosch ya fara fitarwa a motocin Volvo a 1976. Bakinsa na wani irin tangaran ne da ba ya fara aiki sai ya yi zafin da ya kai wajen digiri 300, daga nan sai ya riƙa ba da lantarki tsakanin volt 0.1 da 0.9: ƙasa idan mai ya yi kaɗan a haɗin, sama idan ya yi yawa. Sauran ma'aunai suna faɗin abin da zai shiga inji ne, shi kuwa yana faɗin yadda abin ya ƙone, kwamfuta ta gyara feshi na gaba. Karbirato mai girki ce da ke zuba gishiri da cokali ɗaya kullum, anjeksiyon kuwa tana ɗanɗana miyar bayan ta zuba. Akwai kuma ma'aunin faɗuwa, wanda ke kashe famfo da inji idan babur ya kwanta a ƙasa, don kada mai ya ci gaba da fita.

To, me wannan ya ƙara wa mahayi a Adar? Yanayinmu yana cikin waɗanda suka fi wahalar da karbirato. Tsakanin sanyin safiya mai digiri 15 da zafin bazara mai digiri 45, nauyin iskar da ke cika silinda yana raguwa da kusan kashi 10 cikin 100, kuma tunda jiklar ba ya canjawa, babur ɗin da aka daidaita lokacin hunturu zai riƙa shan mai fiye da buƙata a Afrilu da Mayu. Haka nan idan ƙura ta fara toshe matatar iska, karbirato ƙara tsotso mai yake yi, alhali mai anjeksiyon yana jin iska ta ragu ya rage feshi. Yana tashi da bugu ɗaya da safe, ba ya mutuwa a mahaɗar hanya, bujinsa yana daɗewa. Fa'idar da 'yan talla suka fi ambato, wato daidaita kansa idan an hau tsauni, ba ta da wani nauyi a nan, domin tuddan Keita da Buza ba su kai tsawon da iska za ta yi siriri ba; wannan magana ce ta mai hawa duwatsun Bagzan a ƙasar Ayar, inda ƙololuwa ta haura mita 2,000.

Batun tsimin mai gaskiya ne, amma kada a yarda da adadin da dillali zai faɗa da baki. Karbiraton da yake sabo, aka kuma daidaita shi da kyau, bai yi nisa sosai da anjeksiyon ba. Tazarar tana buɗewa ne bayan shekara guda ko biyu, lokacin da allurar cikin karbirato ta cinye, jiklar ya faɗaɗa saboda sokarsa da waya, hannaye da yawa kuma suka taɓa sukurorin. Hanyar sani ɗaya ce: a cika tanki, a rubuta kilomita, a yi aikin mako, a sake cikawa a gidan mai ɗaya, a raba. Wanda ke yini a kan babur, bambancin da bai kai rabin lita a rana ba ma yana taruwa ya zama kuɗi a ƙarshen shekara, musamman tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, man tsallaken iyaka ya daina zama na banza.

Nan kuma ne raunin anjeksiyon yake farawa, domin inda ake shan mai shi ne tambaya ta farko. Gidajen man cikin gari suna samun na matatar Soraz ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, kuma wanda ke sha a can ba shi da abin tsoro sosai. Amma daga Ƙonni zuwa ƙauyukan Illela da Madawa, da yawa ba su san wani mai ba sai na 'yan ruwa-ruwa, na kwalba da jarka, wanda ya bi ta duro da mazurari da tsumma, wani lokaci da ruwa ko kalanzir a cikinsa. Darmar da ake sa wa fetur a da ba ita ce matsalar ba, tunda ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun bar fetur mai darma tun 2006. Datti ne da ruwa da tsatsar tanki. Idan irin wannan mai ya toshe karbirato, aikin rabin sa'a ne a gindin bishiya. Makanike ya kwance sukurorin kofin, ya juye shi a kan murfin gwangwani, ka ga jan yashi da ɗigon ruwa sun kwanta a ƙasan man, ya zare jiklar ya busa shi da baki, ya ɗaga shi ya hango hasken rana ta ramin, ya mayar, ya ce maka, “Maigida, man da ka sha ne.” Ramukan bututun feshi kuwa sun fi na jiklar ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ba a busa su da baki, kuma kafin datti ya kai gare su ya riga ya toshe ragar famfo ya sa shi wahala.

Akwai kuma wata ɗabi'a tamu da ke kashe famfo ko da man mai kyau ne, ita ce yawo da tanki kusan wayam. Ɗan kabu-kabu yakan sha rabin lita da safe, ya ƙara rabi idan ya samu fasinja biyu ko uku, kuma karbirato bai damu da haka ba, mai yana gangarowa ne da nauyinsa. Famfon da ke cikin tanki kuwa man ne ke sanyaya shi yake kuma yi masa santsi, saboda haka idan kullum a ƙasan tanki yake aiki cikin zafin Mayu, yana zuƙar iska da gurɓataccen ƙasan mai, kwanansa gajere ne. Babu kuma makunnin ajiya da ake juyawa idan mai ya ƙare, sai dai a dogara da allurar mai ko fitilarta. Wanda jarinsa bai kai ya riƙe tanki sama da kwata ba, wannan kaɗai ya isa ya sa shi sake tunani.

Abu na biyu shi ne batir da wayoyi. Babur mai karbirato yana iya shekara ba batir, a buga da ƙafa ya tashi, kuma da yawa na cikin gari haka suke. Mai anjeksiyon yana son batir mai rai, wanda ke nuna kusan volt 12.6 a hutu, ya hau tsakanin 13.5 da 14.5 idan inji yana aiki. Wasu ƙanana an ƙera su yadda za su tashi da ƙafa ko batir ya mutu, wasu kuwa ba sa ko tari, kuma wannan abu ne da ake gwadawa a shago kafin a biya. Zafi yana rage kwanan batir, na'urar daidaita caji idan ta lalace takan aika wutar da ta fi ƙarfin kwamfuta, juya wayoyin batir ko yin walda a jikin babur ba tare da an cire mahaɗin kwamfuta ba yana iya ƙona ta nan take. Ƙarin fitilu masu launi da rediyo da ƙaho mai kukan mota, waɗanda ake yanka waya a murɗe a naɗe da leda, su ne asalin mafi yawan abin da ake ɗora wa ma'aunai laifi. Haka ma wankin babur da ruwan matsi kai tsaye a kan mahaɗan waya, da yanke bututun hayaƙi don ƙara kuka, wanda yakan tafi da ma'aunin oksijin gaba ɗaya.

A ganina nan ne mutane suka fi kuskuren fahimta. Ma'aunan kansu, ban da na maƙogwaro, ba su da abin da ke gogar wani abu, kuma sukan daɗe fiye da sarƙa da faranti da tayoyi sau da yawa. Ko da ɗaya ya mutu ba lallai babur ya tsaya ba: idan na zafin iska ko na oksijin ya daina magana, kwamfuta takan ɗauki wani adadi da aka ajiye mata, ta kunna fitilar gargaɗi, ta kai ka gida da ɗan ƙarin shan mai. Waɗanda ke ajiye mutum a hanya su ne ma'aunin juyin inji da famfo da bututun feshi. Babur ɗin ma yana faɗin ciwonsa ga wanda ya iya saurare. A baburan Honda masu tsarin PGM-FI fitilar tana ƙiftawa ne da lissafi, doguwar ƙiftawa goma ce, gajera ɗaya: 7 zafin inji, 8 maƙogwaro, 9 zafin iska, 12 bututun feshi, 21 oksijin, 54 ma'aunin faɗuwa. Kowane kamfani da nasa jadawalin, wasu kuma sai an jona musu na'urar karatu.

Wannan ya kawo mu ga abu na uku, wanda ya fi sauran nauyi, wato makanike. Gyaran anjeksiyon ba ya buƙatar kayan aiki masu yawa, mitar auna lantarki ce da ma'aunin matsin mai da takardar kamfani, amma yana buƙatar wanda zai auna kafin ya kwance. Makaniken da ya saba da gane ciwo da kunne da launin buji, idan aka kawo masa irin wannan babur yakan shiga canja kaya ɗaya bayan ɗaya da kuɗin mai babur, alhali wata waya ce tsatsa ta ci. Kayan gyaran karbirato kuwa suna kowace kasuwar mako, daga Badagishiri har Abalak, sabon karbirato ɗungum ma ba ya wuyar samu. Famfo ko akwatin ma'aunai na wani samfuri na musamman sai an aika Yamai ko Sakkwato ko Kano, babur yana jingine, mai shi yana ciyar da gida daga aljihu. Saboda haka kafin a tambayi farashin babur, a fara tambayar wa zai gyara shi da inda ake sayar da famfonsa.

Idan aka ɗora waɗannan a kan sikeli, ma'aikaci ko malamin makaranta ko ɗan kasuwar da zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin Tawa ba, yana shan mai a gidan mai, shi kaɗai ke hawan babur ɗinsa, mai anjeksiyon ya fi masa, kuma ƙarin kuɗin saye zai dawo a hankali ta hanyar mai da buji da ƙarancin zuwa gareji. Wanda ke ɗaukar buhunan albasa daga garake zuwa bakin titi a yankin Galmi, ko mai bin kasuwannin ƙauye, ko mai nufar arewa wajen Cintabaradan inda tsakanin makanike da makanike tafiyar sa'o'i ce, karbirato ne nasa, ba don ya fi inganci ba, sai don duk abin da zai same shi ana iya warware shi da sukudireba. Ɗan kabu-kabun cikin gari shi ne a tsakiya: shi ya fi kowa cin ribar tsimin mai, shi kuma ya fi kowa asara idan babur ya kwana uku yana jiran kaya. In babur ɗin nasa ne, yana kuma iya riƙe tanki da mai, zan ce ya gwada anjeksiyon na kamfanin da ke da wakili da kayan gyara a ƙasar. In kuwa na maigida ne da ake ba yara suna karɓa-karɓa, a bar shi a kan karbirato. Akwai wani tsari na tsaka-tsaki da Bajaj ya sa a wasu ƙananan baburansa na Indiya, karbirato ne da kwamfuta ke daidaita iskarsa, ba shi da famfo mai matsi, amma yana da ma'aunai da wayoyin da ke son irin kulawar da aka ambata.

Birki mai ABS, wanda BMW ya fara sa wa babur a 1988, wani zaɓi ne daban da bai kamata a cakuɗa shi da wannan ba. Ma'auni ne kusa da wani zobe mai ramuka a jikin taya, yana ƙirga juyinta, idan ta nemi kafewa sai na'ura ta sassauta birki ta sake kamawa sau da yawa a daƙiƙa. A kan kwalta yana ceton rai, a cikin yashi da tsakuwa yana iya tsawaita tazarar tsayawa, kuma da wuya a same shi a ƙananan baburan da ake kawo mana. Abin da ake rubuta wa CBS ba shi da ma'auni ko ɗaya, haɗa birkin gaba da na baya ne kawai.

Mai sayen na hannu kuwa yana da gwajin da ba ya cin ko dala. Ya je da safe, ya taɓa inji ya tabbatar ba a riga an ɗumama shi ba, ya murɗa makulli ya saurara kafin ya tayar: ya kamata ya ji kukan famfo siriri daga tanki na kusan daƙiƙa biyu, fitilar gargaɗi ta kama sannan ta mutu. Idan fitilar ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta ne don a ɓoye matsala. Ya ɗaga kujera ya duba wayoyi ko akwai yanka da naɗin leda, ya leƙa cikin tanki da tocila ya nemi tsatsa, ya bi bututun hayaƙi ya ga ma'aunin oksijin yana nan da wayarsa. Ya buɗe gidan matatar iska ya shafa yatsa a bayanta, ɓangaren da ke fuskantar inji, domin ƙurar da ya samu a nan ta riga ta shiga silinda. Yawancin irin waɗannan babura matatarsu ta takarda ce mai ɗan maiƙo, wadda ba a wankewa da fetur, ba a kuma busa ta da iska, canja ta ake yi, saboda haka ya tambayi mai kayan gyara ko yana da ita a shago kafin a yi ciniki.